Harafi Guda a Jikin Fulogi

Ruwa ya tsagaita wajen sha biyu,
tsibirin Quinchao ya fito yana ɗiga
kamar tunkiyar da ta ƙetare rafi.
Na ja igiyar injin yankan ciyawa sau uku,
a na huɗu ya yi tari, ya kama.

Ban kai ƙarshen layin farko ba
sai ga Doña Clorinda a bakin shinge,
rediyo rungume a ƙirji
kamar kazar da ta kwana ba lafiya.

"Baldomero, injinka yana soya mini labarai.
Yanzu ake karanta saƙonni.
Heraldo na can gonar kifi a kudu,
wata biyu ke nan,
yau zai aiko da ranar zuwansa.
Ni kuwa ba na jin komai sai ƙas-ƙas-ƙas,
kamar an zuba dankali a tafasasshen mai."

Na kashe. Rediyon ya washe:
wani yana cigiyar saniya mai farin goshi.
Na tayar. Saniyar ta nutse a cikin ƙara.
Muka dubi juna.

Washegari na hau bas zuwa Achao
da fulogin a aljihu, naɗe a tsumma.
Don Eleodoro ya ɗaga shi kusa da fitila,
ya kankare baƙin hayaƙi da farce,
ya bi lambobin da ke jikin farin tangaran.

"Ka gani? Babu harafin R.
Wannan doki ne ba linzami.
Duk tartsatsin da ya yi sai ya kwarma ihu a iska,
wayarsa ta zama eriya,
maƙwabta su sha surutun da ba su roƙa ba."

Ya zaro wani daga aljihun tebur,
tsayi ɗaya, zare ɗaya, kamar an tsaga kara.
"Wannan da rizista a cikinsa,
ɗan ƙulli, bai kai ƙwayar wake ba,
om dubu biyar.
Ba ya hana wuta wucewa,
ladabi kawai yake koya mata."

Na ce, mahaifina har ya koma ga Allah
bai yarda da mai rizista ba.
Cewa yake wuta ba ta son shamaki,
a bar ta ta fito shuɗiya, da ƙarfinta.

Tsohon ya yi dariya har tabarau ya zame masa.
"Bai yi ƙarya ba, a kan nasa injin.
Koyil ɗinsa ya tsufa,
ɗan abin da yake tarawa bai isa a rage ba.
Ko yau, in hular fulogi tana da nata rizista
ka ƙara mata wani,
sai inji ya riƙa shaƙewa da sanyin safiya.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Naka sabo ne. Duba littafinsa,
in dai ba ka hura murhu da shi ba."

Na hura murhu da shi, tun bara.

Ranar Asabar na ɗaura sabon,
da hannu tukuna, sannan sifana, juyi kaɗan.
Na jira sha biyu da rabi da gangan.
Ja ɗaya, ya kama.
Ciyawa ta riƙa kwanciya, jiƙaƙƙiya,
ƙanshinta ya cakuɗe da na fetur da na teku.
Layi ɗaya, layi biyu, layi bakwai,
idona na kan shinge.
Ba wanda ya zo.

Sai da na kai gindin tuffa
ta turo taga da gwiwar hannu, duk gari a yatsunta.
Bakinta na motsi, inji ya cinye maganar.
Na saki hannu, ya mutu.

"Laraba!" in ji ta. "Jirgin Laraba!
Kuma an ga saniyar!"

Tsohon fulogin bai tafi bola ba.
Yana kan taga, kusa da hoton Baba,
baƙi, shiru, ba linzami,
irin mutanen da murya ta yi musu yawa
amma ba su taɓa ƙin tashi da asuba ba.